Tsumman Fitilar Baffa

Har yau warin kananzir yakan sa hannuna na hagu ya yi sanyi.

Ni bahago ne. Da aka kawo ni makaranta Tambuwal daga Kebbe, gidan Baffa aka ajiye ni, ƙanen mahaifina, malamin firamare. Wata rana bayan azahar ya tarar da ni a zaure ina rubutu da hagu. Bai dake ni ba. Tsumman goge fitila ya ɗauko, ya ɗaure hannun a ƙafar benci, ya sa mini fensir a dama.

"Hannun tsarki ba ya riƙa alƙalami gidan ga," in ji shi. "Ka san mi Turawa ka ce ma irinka? Difektif."

Ya zauna a bakin ƙofa yana yi mini bayani kamar a aji. Wai asalin kalmar abin da ya gaza ne. Kayan da suka fito daga kamfani da aibi ake ce wa haka, kamar fitila mai yoyo, sai a mayar wa wanda ya ƙera ta.

Yatsuna na hagu suka kumbura. Na ce, "Baffa, to ni wa za a maida ma?"

Aka kira la'asar, ya tashi ya tafi alwala, bai kwance ni ba.

Jiya ɗiyata ta miƙa hagu ta ɗauki fensir, sai na ji muryar Baffa tana taso mini a maƙogwaro. Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini.