Jikan Rabo na Tafoki

Alhaji Lawwali Mani Rabo ya buga ƙofar fijonsa har gilashi ya girgiza, ya bar Faskari ko sallama bai yi wa kowa ba.

Kuma da gaskiyarsa, jama'a. Mutum ya gina kwalbati goma sha ɗaya tsakanin Ƙanƙara da Sabuwa, ya dawo daga Makka da haƙorin gwal har biyu, a shekarar da ƙarin albashin Udoji ya ɗora kowane masinja kan babur, sannan a dube shi a ce ba a san asalinsa ba!

Aure ya je nema wa ɗansa Sha'ibu, da ƙafarsa, don ba shi da dangin uba da zai aika. Uban yarinyar, Alhaji Maharazu, ya gyara zama ya ce, "Alhaji, mu nan ba mota muke ba ɗiya ba. Wanga Rabo da ke bayan sunanka, wane ne? Mi ya yi a duniya? Ka zo da amsa kafin Sallah, in ba haka ba akwai masu jira."

Abin haushin, babu amsar. Ubansa Mani ya rasu a Tafoki yana goye. Uwarsa ta koma da shi Ƙanƙara, ita ma ba ta daɗe ba. Sunayen nan uku malamin elementare ne ya rubuta a rajista, daga bakin wani maƙwabci.

Sai ya nufi Zariya, wurin wani malamin tarihi, ya zauna kamar ɗan aji ɗaya. Malamin ya koya masa aikin: a sayi rakoda, a tambayi tsofaffi uku kowa shi kaɗai, a rubuta suna da rana a bayan kaset. Ya kuma ja masa kunne: "Kada ka faɗi ko kai wane ne. Tsoho in ya ga haƙorin gwal, ko ɓarawo ne kakanka sai ya mai da shi waliyyi."

Alhaji ya ajiye mota a Mairuwa, ya sa tsohuwar taguwa, ya shiga Tafoki yana magana baki a tsuke. Shi fa, Alhaji guda!

Na farko Malam Gide ne, yana tufka igiya a gindin tsamiya.

"Rabo na gidan Mani? Kai, ba a sake irinsa ba! Buhun dawa biyu daga nan har Sabuwa, cikin dajin nan, bai durƙusa ba. Shi ke tashin unguwa da asuba. Sai dai taurin kai. In ya kafe, sai an haɗa da sanda."

Sanda! Alhaji ya ji kamar a gadon bayansa. Ya haɗiye, ya rubuta: mai ƙarfi, mai sammakon ibada, ba ya ɗaukar raini.

Na biyu, Baba Nata'ala, dariya ya fara yi. "Ai shi ya harbi mai karɓar haraji a bakin kasuwa, bature na kallo. Wata guda mutumin yana ɗingishi. Kwana uku Rabo ya yi ɗaure a ƙofar mai gari, cikin rana."

"Babu wanda ya kwance shi?"

"Wa zai jawo wa kansa?"

Alhaji ya rubuta: ya yaƙi mulkin Turawa shi kaɗai. A ƙasa ya ƙara: matsorata. Biro har ya huda takarda.

Na uku makaho ne, shi ya ba da labarin ƙarshe. Rabo ya tsufa, haƙora sun zube, aka bar shi yana yawo a bayan gari ba mai kula. Da ya mutu, aka ja shi da ƙafa zuwa kwarin can, aka bar wa ungulaye.

Alhaji ya kashe rakoda ya tashi. Da ya ƙara minti ɗaya da ya mari makaho.

Ran Juma'a ya dawo da ainihin kamanninsa: babbar riga mai aska takwas, fijo a gaba, Alhaji Maharazu a gefensa, tifa cike da siminti a baya don a gina kabari a kwarin. Ana fitowa daga masallacin Tafoki ya ɗora rakoda kan mota. Tun a hanya ya sa wa Maharazu kaset ɗin, mutumin kuwa ya yi laushi, har yana cewa jinin jarumi ba a hana shi mata.

"Mutanen Tafoki, butulai!" in ji Alhaji, haƙora na walƙiya. "Ya yi muku dako, kun dake shi. Ya tsaya muku gaban bature, kun bar shi a ɗaure. Ya mutu, kun ba ungulu! To ku buɗe ido. Ni ne Lawwali ɗan Mani, jikan Rabo. Jininsa ke yawo a jikina, duk wanda ya san shi in ya dube ni zai gane!"

Malam Gide ya cusa bakin rawani a baki. Baba Nata'ala ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Sai Dada Hajaratu, wadda ta yi maƙwabtaka da gidan Mani tun tana amarya, ta dogaro sanda ta matso, ta leƙa fuskarsa da kyau.

"Allah sarki, Lawwali ne! Ɗan nan, wa ya cire maka 'mai' daga sunan ubanka? Mani mai Rabo muke ce mishi. Rabo ai jakinsa ne."