Kunnen Hagu

"Tsaya, ba nan ba ne," in ji wani direba, da ya ga nas ta fara aske gashin bayan kunnen mahaifiyarsa na dama.

Shi da idonsa ya ga hoton kanta ranar da likita ya ce ƙari ne ya tsiro a gindin ƙoƙon kai, ya danne jijiyar ji, kunne ɗaya ya mutu. Farin dunƙulen yana gefen hagu na hoton, shi ya sa ya ɗauka kunnenta na hagu ne ya mutu. Tun daga ranar, kujerar hagun gadonta ta zama wurin zamansa. A nan yake kiran yayarsa a waya, ya rage murya, ya sauke abin da ke ransa. Ya gaji da jinya. Ya gaji da warin asibiti. Rannan har ya ce da ma a yi ta ta ƙare kowa ya huta. Yana faɗa ya yi istigfari, ya gode wa Allah da ba ta ji ba.

Likitan ya matso. "Hoton kai a juye yake fitowa, kamar kana fuskantar mutum. Hagun hoto shi ne damanta. Kunnen hagu lafiyarsa ƙalau."

Direban ya kasa ɗaga kai.

Mahaifiyar ta laluba hannunsa ta riƙe. "Bar su su yi aikinsu, auta. In an shiga da ni ɗakin tiyata, ka je gida ka kwanta. Na san ka gaji."