Awa Goma Sha Huɗu a Jirgi

Tana ɗiga wa mahaifinta maganin ido, kamar kowace safiya, ta ce ta amince za ta auri malamin nan da ke koyarwa a ƙasar waje.

Maganin ya gangaro kumatun tsohon kamar hawayen aro.

"Awa goma sha huɗu a jirgi, uwata. Ranar da na mutu, kafin ki sauka an dawo daga maƙabarta."

Ta dubi agogonta, wanda tuni ta saita da lokacin garin malamin.

"Baba, gidan Yaya tafiyar minti goma ce. Yaushe rabonka da shi?"

Ya kawar da kai.

Ta share masa kumatu, ta damƙa masa kwalbar.

"Kira shi ya zo ya koya. Saura wata biyu."

Ta fita.