Mayafin da Ya Rufe har Maraɗi

Ranar da Inna ta tsallaka Maraɗi gaisuwar rasuwa, a shagon Baba na gyaran rediyo na yini, nan bakin iyaka. Bayan la'asar wata rediyo da yake gwadawa ta ce rana ta turo guguwa, ta nufo duniya. Na fashe da kuka. A tunanina Nijar guguwar za ta fara ci, tunda can babu Baba.

Bai yi mini dariya ba. Ya ɗauko dogon maganaɗisun da yake tsintar kusoshi da shi, ya ɗora kwali a kai, ya barbaɗa garin ƙarfe. Garin ya lanƙwasa layi-layi, ya taru a bakuna biyu na maganaɗisun.

"Haka Allah ya yafa wa duniya mayafi, ɗiyata. Iskar rana in ta zo, zamewa take yi. Sai can ƙuryar arewa da kudu take samun ƙofa, nan ma haske take zama a sama, kore da ja."

"Har Maraɗi ya rufe?"

"Mayafin nan bai san kwastan ba."

Yau Baba yana kwance a maƙabartar Jibiya, Inna a ta Maraɗi, garinsu. In na ga hoton koren hasken nan a waya, warin dalmar shagonsa nake ji, sai in tuna mayafi ɗaya ne a kansu.