Direban da Aka Daina Kauce Wa

Zauna in buga maka misali, tunda kai ma yanzu an ba ka kujera.

Wani direba ne ya shekara ashirin da bakwai yana tuƙa motar asibiti. Ya san fitilun kan mota kamar yadda manomi ya san hadari. Shuɗiya ta 'yan sanda ce, a kauce don tsoro. Ruwan ɗorawa ta masu gyaran titi ce da janwe mai jan motar da ta lalace, a rage gudu. Ja kuwa, irin tasa da ta 'yan kwana-kwana, alama ce rai na hannun Allah. Da ya kunna ta ya saki jiniya, sai titi ya dare gida biyu, manyan motoci su raɓe gefe. A hankali ya ɗauka shi ake girmamawa. Maƙwabci ya yi masa sallama, ya amsa da ɗaga yatsa. Ko taron suna ko jana'iza, ya ce aiki ya hana. Da ya yi ritaya ya miƙa makulli, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. La'asar ta zo ta wuce, wata ma ta zo, babu wanda ya zauna. Matarsa kaɗai ta rage masa abokiyar hira.

Wata Laraba da hantsi numfashinta ya sarƙe. Ya leƙa layi, ya rasa ƙofar da zai buga. Shi kaɗai ya ciccibe ta ya sa a tsohuwar motarsa. A bakin kasuwa cunkoso ya tare shi. Hannunsa ya kai inda ya saba kunna fitila, ya shafo wayam. Ya danna hon, ya leƙo ta taga yana cewa, "Bayin Allah, mara lafiya ce!" Wani mai adaidaita sahu ya waiwayo ya ce, "Baba, kowa ma sauri yake." Tafiyar da ya saba yi cikin minti bakwai ta ci sa'a guda. A ƙofar asibitin, sabon maigadi ya tambaye shi wa yake nema.

Allah ya sa da sauran shan ruwanta, aka ba ta gado. Shi kuwa ya zauna a ƙarshen benci, ya ciro waya don ya sanar da wani, ya daɗe yana kallonta, ya mayar aljihu.

Hausawa sun faɗa: albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko.