Harsashin Duna

Ranar da gadu, aladen daji, ya farke wa karenmu Duna ciki, Kawu ya kwantar da shi a bayan gidanmu na Dutse Uku, ya ɗauko tsohuwar bindigar sojan da yake farauta da ita. Da kansa yake haɗa harsashinsa. Ya sa mini dalma biyu a tafin hannu, ya ce in zaɓa.

Na miƙa masa ƙaramar. "Wannan ba za ta yi zafi ba, Kawu."

Ya ce, "Ita ce mai zafin. Raunata dabba take yi, ta bar ta tana jan jiki."

Ya ɗauki babbar. Duna yana kallona, yana ƙoƙarin kaɗa wutsiya.

Yau 'ya'yana suna roƙon in kawo musu kare, na kasa.