Faifai na Tara a Kwazazzabo

Muna wasan jefa faifan roba cikin kwando. Na wurga nawa, ya tsallake kwandon ƙarfen, ya faɗa kwazazzabo.

"Kai, Veikko tsoho!" in ji abokina Reijo. "Ina cika bakin?"

Ni da na shekara arba'in ina saran itace a dutsen nan, sanyi ya cinye min yatsu biyu ban yi kuka ba? Da ido rufe zan saka shi a kwando.

Da gangan na yi. Kowa kan rubuta lambar wayarsa a bayan faifansa. Ɗana Tuomas ke kula da sabon filin wasan nan, shi ke tsinto waɗanda suka ɓace ya kira masu su. Shekara shida bai yi min magana ba.

Wannan ne faifai na tara. Takwas ɗin a bakin ƙofata na tarar da su, ko ƙwanƙwasawa bai yi ba.